Taiwan ko Beljiyam: ina ya fi wa mai son karatun cif?

Wani ƙanina da ya gama digiri a injiniyancin lantarki, ya yi bautar ƙasa ya dawo gida, shi ya addabe ni da tambayar nan kusan wata biyu, kullum sai ya turo saƙo, Yaya Taiwan ko Beljiyam? Toh na ga dai ba shi kaɗai ba ne, akwai yara da yawa masu lantarki da fiziks da suka fara jin ƙamshin harkar semikondakta, wato ƴan ƙananan cif ɗin nan da ke cikin waya da kwamfuta da mota har da injin wanki, shi ya sa na ce bari in zauna in rubuta amsar gaba ɗaya kowa ya ɗauki abin da ya dace da shi.

Amma kafin a zo kan ƙasa, akwai tambayar da na fara jefa masa wadda ta sa ya yi shiru. Na ce masa kai zanen cif kake so ko ƙera shi? Don abu biyu ne daban kamar mai zana gida da birkila. Mai zane yana gaban kwamfuta ne daga safe har dare, yana rubuta Verilog, wato harshen kwamfuta da ake bayyana aikin cif da shi, ko yana jera taransista, ƴan mitsitsin makunnan da ke cikin cif, ɗaya bayan ɗaya a manhajar Cadence ko Synopsys, yana gwadawa yana gyarawa, in ya gama sai a tura fayil masana'anta a buga masa, ya jira watanni kafin cif ɗin ya dawo hannunsa ya jona ya ga ko zai yi aiki ko kuwa hayaƙi zai tashi. Mai ƙira kuwa rayuwarsa a tsabtataccen ɗaki take. Za ka sa farar riga mai haɗe da wando ta rufe ka daga kai har ƙafa, takunkumi, safar hannu, mai gemu ya rufe gemunsa, idanu kawai ake gani, sashen da ake buga zane a kan wefa, wato faifan silikon da ake yanka cif daga jikinsa, kuma fitilunsa rawaya ne don farin haske yana lalata sinadarin da ake shafa wa faifan silikon ɗin. Ba a shiga da takarda irin tamu, ba fensir, ba hoda, turare ma ba a so, kaga mu da muka saba feshe jiki kafin fita sai an yi haƙuri. Ƙura ɗaya da ido bai gani tana iya kashe cif, shi ya sa iskar ɗakin ta fi ta ɗakin tiyata tsafta nesa ba kusa ba. Duk abin da zan faɗa a ƙasa ya rataya ne a kan amsar wannan tambayar.

Mu fara da Taiwan. Ƙaramin tsibiri ne mai mutum wajen miliyan 23 amma kamfaninsu TSMC, wanda Morris Chang ya kafa a 1987, shi ke buga fiye da rabin cif ɗin da kamfanonin duniya ke bayarwa kwangila, na ƙarshen zamani kuwa irin na Apple da Nvidia kusan duka daga hannunsa suke fitowa. Abin bai faɗo daga sama ba, gwamnati ce ta kafa cibiyar bincike ITRI a 1973, daga cikinta aka haifi UMC a 1980, a shekarar kuma aka buɗe dandalin masana'antun kimiyya na Hsinchu. Abin da ya shafe ka kai ɗalibi shi ne jami'o'i biyu manya, Tsing Hua da Yang Ming Chiao Tung, katanga ɗaya suke da juna a garin Hsinchu, kuma dandalin masana'antun nan yana bayansu, da ɗan babur ɗinka minti kaɗan ka isa ƙofar TSMC ko MediaTek. Malamin da ke koya maka wataƙila shekara goma ya yi a masana'anta kafin ya dawo aji, abokan karatunka da suka gabace ka da shekara biyu suna can suna aiki. A 2021 gwamnati ta yi dokar da ta ba jami'o'i dama su buɗe kwalejojin semikondakta da haɗin gwiwar kamfanoni, waɗannan biyun da Jami'ar Taiwan ta Taipei da Cheng Kung ta Tainan su suka fara. Sannan akwai TSRI, cibiyar gwamnati a nan Hsinchu, wadda ke ba ɗalibai manhajojin zane masu tsadar gaske, ta kuma tattara zanensu a kai masana'anta a buga. Wannan ba ƙaramin abu ba ne wallahi, ɗan mastas ya gama karatu da cif na gaske da ya zana da hannunsa ya auna shi, a wurare da yawa a duniya sai ɗan PhD ke samun wannan gatan.

Beljiyam labarinta daban. Ba ta da wata katafariyar masana'antar cif irin TSMC, abin da take da shi imec ne, cibiyar bincike da aka kafa a 1984 a garin Leuven, jikin jami'ar KU Leuven wadda ita kuma tun 1425 take. Yadda zan kwatanta maka imec shi ne kamar dandalin da abokan hamayya ke haɗuwa su ci a kwano ɗaya, Intel da Samsung da TSMC da sauransu duk suna zuba kuɗi suna turo injiniyoyinsu a yi binciken fasahar da za ta shiga kasuwa nan da shekara biyar ko goma, don kuɗin binciken ya fi ƙarfin kamfani ɗaya. Suna da tsabtataccen ɗaki na wefa mai faɗin milimita 300 irin na masana'anta sak, ma'aikata sama da 5000 daga ƙasashe kusan ɗari. Kuma tsallaken iyaka kaɗan a Holan, garin Veldhoven, nan ASML yake, kamfani ɗaya tilo a duniya da ke ƙera injin EUV, injin da ke harbin ɗigon narkakkiyar kuza da leza sau 50,000 a daƙiƙa ɗaya don ya samar da haske mai tsawon zango nanomita 13.5 da ake zana layukan cif da shi. Sabon samfurinsa kuɗinsa ya haura yuro miliyan 300, kuma a 2024 imec da ASML suka buɗe ɗakin gwajin haɗin gwiwa a kansa. Kuzar nan dai irin wadda aka yi ta haƙa a Jos ce, abin ya kan ba ni dariya ya kuma ba ni haushi lokaci guda.

Abu ɗaya da yara ke ruɗewa a kai, imec ba jami'a ba ce, ba ta ba da digiri. Za ka yi aikinka a can amma rajistarka tana KU Leuven ko Ghent ko wata jami'ar, kana da farfesa a jami'a kana kuma da mai kula da kai kullum a imec. Idan zane kake so musamman na analog da na rediyo, rukunin MICAS da ke sashen lantarki na KU Leuven sunansu ya zaga duniya.

Yanzu maganar kuɗi, wadda ita ce gaskiyar magana ga ɗan talaka. A nan ne na ga bambancin ya fito fili, kuma ya danganta da matakin da kake. Mastas a Beljiyam ga wanda ba ɗan Turai ba dubban yuro ne a shekara kuɗin makaranta kawai, sannan kafin a ba ka biza sai ka nuna kana da abin ci da kai, yuro 800 zuwa sama kowane wata na shekara guda, ka lissafa wannan da canjin naira na yau ka ga ko gonar gado za ta biya. Ɗaya daga cikin ƙofofin da suka rage ita ce Erasmus Mundus, tallafin karatu na Tarayyar Turai, a ƙarƙashinsa akwai shirin mastas na kimiyyar nano da KU Leuven ke jagoranta tare da Chalmers ta Suwidin da Dresden ta Jamus da Grenoble ta Faransa da Barcelona, shekarar farko a Leuven ta biyu a ɗaya daga cikin sauran, wanda ya samu sikolashif ɗinsa ana biya masa makaranta a kuma ba shi yuro 1400 a wata. Sai dai duniya ce gaba ɗaya ke rububinsa, in ba ka da sakamako mai ƙarfi sosai kar ka ɗora duk burinka a kai. Taiwan kuwa kuɗin makaranta da na rayuwa duk sun fi sauƙi, ɗakin kwanan ɗalibai a cikin makaranta arha ne, sikolashif ɗin ma'aikatar iliminsu yana ba ɗan mastas ko PhD dalar Taiwan 20,000 a wata ya kuma biya makaranta har 40,000 a zango, ana nema ta ofishin wakilcinsu, na Najeriya yana Legas tunda gwamnati ta sa suka bar Abuja. Gurabensa kaɗan ne amma jami'o'in kansu suna da nasu tallafin, malamai kuma suna ba ɗaliban lab ɗinsu ɗan alawus daga kuɗin bincike. Ba kuɗin da za ka riƙa turo wa gida ba ne, na ci da sha ne da biyan ɗaki, amma da babu gara ba daɗi.

Da ka hau matakin PhD sai ma'aunin ya juye. A Beljiyam ɗan PhD kusan ma'aikaci ne, shekara huɗu, abin da ke shiga aljihunsa ya haura yuro 2000 a wata, da inshorar lafiya da hutu, mutum zai iya riƙe kansa har ya yi tunanin ɗauko iyali. Ba ka neman gurbin karatu kamar yadda muka saba, aiki ake tallatawa da takensa da komai, ka nema a yi maka intabiyu kamar na kamfani. A Taiwan alawus ɗin ɗan PhD bai kai nan ba, kuma ranar gamawa tana hannun malami da adadin takardun da ka wallafa, shekara huɗu tana iya zama shida. Akwai shirin PhD mai suna TIGP na Academia Sinica, babbar cibiyar binciken Taiwan, da ake yi da Turanci mai alawus mai ɗan kauri, amma ya fi karkata ga kimiyyar nano da kayan haɗi, ba zanen cif ba.

Harshe kuma fa? A takarda duka biyun za su ce maka da Turanci ake koyarwa. A Leuven gaskiya ne har cikin lab, mutanen gari Dac suke yi, wato yaren Holan, amma kusan kowa yana jin Turanci, a imec kuwa da Baindiye da Basine da Bature duk Turancin ne ya haɗa su. A Taiwan sai ka yi bincike da kyau, don darasi yana iya zama da Turanci amma taron lab na mako-mako da hirar da ake koyon ainihin aiki a cikinta, wato babban ɗalibi ya nuna maka yadda ake saita inji, duk da Sinanci ake yi. Chiao Tung tana da kwalejin semikondakta ta ƙasa da ƙasa tun 2015 da aka gina don baƙi, akwai Indiyawa da ƴan Biyetnam da yawa, irin nan ya fi sauƙi. Shawarata kafin ka amsa tayin kowane malami ka buɗe shafin lab ɗinsa ka duba sunayen ɗalibai, in ka ga babu baƙo ko ɗaya ka yi tunani sau biyu, in akwai ka nemi ɗaya ka tambaye shi a asirce yaya malam yake, ƙarfe nawa ake tashi, mutum nawa suka gama a kan lokaci. Malami ya fi sunan jami'a tasiri a rayuwarka ta shekarun nan, ko a wace ƙasa. Ƴan uwanmu na Nijar da Chadi da Kamaru masu Faransanci ku kuma ku lura, KU Leuven daban, UCLouvain da ke Louvain-la-Neuve daban, sun rabu ne bayan rikicin harshe na 1968, ta biyun ce mai Faransanci. Kuma ku kam Grenoble tana nan da cibiyar CEA-Leti da masana'antar STMicroelectronics a Crolles kusa da ita, inaga ta fi muku kusa da hannu.

Sai zaman yau da kullum, wanda yara ba sa tambaya sai sun je. Taiwan naman alade da mansa suna cikin abinci da yawa har wanda ba ka zata ba, mafita ita ce shagunan ƴan Indunusiya, waɗanda suke da yawa saboda ma'aikata, da gidajen abincin masu bin addinin Buddha da ba sa cin nama sam, ko ka koyi girki. Babban masallacin Taipei yana nan tun 1960, daga Hsinchu jirgin ƙasa mai gudu kamar rabin awa ne. Zafi da gumi kamar Legas, ga guguwar teku lokacin bazararsu, ga girgizar ƙasa, ta watan Afrilun 2024 a Hualien ta haura maki 7 har sai da aka fitar da ma'aikata daga wasu masana'antu na ɗan lokaci. Ga kuma zaman ɗar-ɗar da Sin, wanda su mutanen can sun saba suna harkarsu amma Hajiya a gida duk ranar da ta ji a rediyo sai ta kira. Kiran ma matsala ne don awa 7 ke tsakaninmu, lokacin da ka tashi daga lab su suna tsakiyar rana, lokacin da suka natsu da dare kai ka yi nisa a barci. Beljiyam agogonsu ɗaya da namu lokacin sanyi, awa ɗaya lokacin zafi. Naman halal da masallatai ba wahala saboda ƴan Maroko da Turkawa, Brussels ƙasa da rabin awa ce a jirgin ƙasa. Abin da zai gwada ka shi ne sanyi da duhu, a Disamba kafin biyar na yamma rana ta faɗi ga yayyafi ba ƙarewa, a Yuni kuma sai wajen goma na dare ake magariba. Haya ma tsada, ɗaki a Leuven sai an yi da gaske ake samu.

Bayan gamawa, Taiwan tana neman injiniyoyi ido rufe don haihuwa ta ragu sosai, amma aikin masana'anta a can ba wasa ba ne, awanni masu tsawo, waya a kunne ko tsakar dare in inji ya tsaya, kuma in ba ka jin Sinanci akwai inda za ka tsaya. Beljiyam tana ba wanda ya gama shekara ɗaya ya nemi aiki, ga Holan da Jamus da Faransa a kusa, Tarayyar Turai kuma ta yi dokar cif a 2023 da burin tara yuro biliyan 43 a harkar.

Ƙanin nawa ya ce to Amurka fa? Gaskiya a zurfin bincike da yawan jami'o'i ba a kai su ba, kuma sun ware dala biliyan 52 da ɗoriya a dokarsu ta 2022, sai dai daga 2025 biza ta yi tsauri ƙwarai ga ƴan ƙasashenmu, ga wasu ayyukan da dokar tsaro ta hana baƙo taɓawa. Ingila ma sai ka nemi takardar izinin ATAS kafin biza a irin wannan fannin. Maleshiya da malamanmu suka saba zuwa tana da nata, Intel na Penang tun 1972, amma ƙarfinsu ya fi a naɗe cif da gwada shi, ba ƙera na ƙarshen zamani ba.

Ga inda ni na tsaya. In kana da niyyar dawowa gida ka yi aiki da iliminka, zane za ka ɗauka, ko Taiwan ko Leuven. Wanda ya ƙware a injin EUV ranar da ya sauka a filin jirgin Malam Aminu Kano iliminsa ya zama labari, don masana'antar cif tana cin dala biliyan goma zuwa ashirin, tana son wutar da ba ta ƙiftawa ko daƙiƙa ɗaya da ruwa tsarkakakke tan dubbai kullum, Taiwan ɗin ma a farin 2021 sai da aka riƙa kai wa masana'antu ruwa a tanka. Mu da muka yi firaktikal mu goma sha a kan osiloskop ɗaya, ana cikin aunawa a ɗauke wuta malam ya ce a kwafi sakamakon ƴan bara, mun san nisan da ke tsakani. Zane kuwa kwamfuta ce da intanet da kai mai aiki. Masar ta nuna ana iyawa, a Alƙahira akwai ɗaruruwan injiniyoyi da ke wa kamfanonin waje aikin zane da manhajojinsa ba tare da ƙasar tana da babbar masana'anta ba. In kuwa son kimiyyar ce ta kama ka, kana son sanin yadda atom ke zama a kan atom, ba ka damu da zama a waje shekara ashirin ba, toh imec ce gidanka, kar ka ji kunyar faɗa.

Don haka na ce masa, kai da ba ka da mai biya maka kuma mastas kake nema, ka jefa takardar Erasmus don ba a san inda rabo yake ba, amma ƙarfinka ka sa shi a Taiwan, ka nemi lab ɗin zane da ke kai ɗalibai har buga cif, ka yi shekara biyu ka jure naman da babu da Sinancin da ba ka ji, sannan da cif ɗinka a hannu da takarda ɗaya da ka wallafa ka nemi PhD a Leuven, lokacin kai ma kana da abin nunawa a intabiyu. Wanda ya riga ya yi mastas mai kyau a gida ko a Maleshiya ba sai ya zaga ba, ya nemi Leuven kai tsaye.

Kuma na hana shi zaman jira. Tun 2020 Google da SkyWater, wata masana'antar cif ta Amurka, suka saki bayanan da ake zana cif da su a fasahar nanomita 130 kyauta ga kowa, cibiyar bincike ta IHP ta Jamus ma ta saki nata, manhajoji irin su ngspice da KLayout da Magic da OpenROAD duk kyauta ne suna tafiya a kan Linux a tsohuwar laftof. Akwai ma shirin Tiny Tapeout da ake haɗa ƙananan zanen mutane da yawa a cif ɗaya kowa ya biya kaɗan. Na ce ya zana ko ɗan amfilifaya ne ko ƙaramin kawunta mai ƙirga lamba, ya ɗora a GitHub, shafin da ake ajiye irin wannan aikin kowa ya gani, in zai rubuta wa farfesa wasiƙa ya sa mahaɗin a layi na biyu maimakon dogon bayanin cewa tun yana yaro yake kwance rediyon babansa. Ya ce batirin laftof ɗinsa awa ɗaya yake yi. Na ce ya je shagon cajin waya na bakin layinsu mai sola ya zauna, na tura masa kuɗin data na wata ɗaya, jiya da dare ya turo min hoton inbata ta farko da ya zana, ba irin ta sola ba, ƴar ƙaramar ta cikin cif, layukan sun karkace amma gwajin da ya yi a kwamfuta ya nuna tana juya sifili zuwa ɗaya.